Kular da Aka Kai Gidan Makoki

A cikin kayan ɗakin da Goggo ta haɗa mini lokacin aurena akwai wata babbar kula ruwan madara, da zanen furanni a gefenta, irin wadda in aka zuba tuwo da hantsi za a same shi da zafinsa har magariba. Goggo ƙanwar mahaifina ce. Ita da mijinta, wanda nake kira Baba, su suka raine ni a Sabon Gari tun ban iya ɗaura zane ba. Matan zumuntar cocinmu ne suka ɗauko kular a ka zuwa ɗakina a Samaru, suna waƙa, don haka babu wadda ba ta san ta ba.

Ban taɓa zuba abinci a cikinta ba. Mu biyu ne rak a ciki da falo, kuma mijina ba mai ci ba ne.

Na tashi ne a kan littattafan soyayya da nake haya a kasuwar Sabon Gari, ina ɓoye su a ƙasan katifa. A cikinsu na koyi cewa miji yana zuwa ne da ƙamshin turare da kalmomi masu narkar da zuciya. Wanda Allah ya ba ni ƙaramin malami ne a sashen haɗa sinadarai na jami'a, yana fama da digirinsa na uku, rigunansa kullum da wani ɗan wari kamar na kananzir. Ba ya magana sosai. Amma in aka taɓo aikinsa sai idanunsa su yi haske, muryarsa ta yi ƙasa, ya matso kusa kamar zai faɗi sirri. Ni kuwa na gane cewa nan ne ƙofar zuciyarsa, sai na riƙa zama a bakinta.

Wata rana da la'asar, ana ruwan sama, na ce ya faɗa mini abin da yake yi da bakin da zan gane. Ya ɗauko zaren saƙata, fari da baƙi, ya yanko guntaye ya ƙulla su baki da baki.

Ya ce, "Ki ɗauka wannan zaren ya ƙanƙance har ido ba ya ganinsa. Shi muke kira polima. Farin ɓangaren ɗan'uwan fom ɗin nan ne da ake tokare rediyo da shi a cikin kwali. Baƙin kuma ɗan'uwan danƙo ne. An ƙulla su, ba su rabuwa."

"To sai me?"

"Sai in zuba su a cikin mai. Ba ruwa ba, mai. Man yana karɓar baƙin, yana ƙin farin. In 'yan kaɗan ne, kowane zare yana yawonsa shi kaɗai, ya naɗe farin kansa. Amma da zarar yawansu ya kai wani matsayi, sai ki ga sun fara haɗuwa. Fararen su cure a tsakiya, inda mai ba zai taɓa su ba, baƙaƙen su baje a waje suna lilo. Kowace cura ta zama ɗan ƙwallo mai gashi, kamar ƙarangiya. Ita ce maisel."

Ya tara guntayen zaren a tafin hannuna, fararen a ciki, ya rufe yatsuna a kansu.

Na ce, "Wa ya ce musu su taru?"

"Babu kowa. Da kansu."

"To ai soyayya ce."

Ya yi dariya har da tari. "Wace soyayya, Hajiyar littafi? Gudun mai suke yi."

Na ɗan yi fushi, na juya masa baya, ya lallashe ni da dafaffiyar gyaɗa. Daga baya ya ƙara mini cewa sabulu ma haka yake yi a cikin ruwa, sai dai nasa aikin ba ya shiri da ruwa ko kaɗan, ɗigo ɗaya ya isa ya ɓata kwalba. Shi ya sa da damina yake busar da kwalabensa sau da sau, ya naɗe murafan da salatif. Ya ce irin waɗannan ƙwallayen ne ke taimaka wa man inji kada ya tsinke ya koma kamar ruwa in mota ta ɗau zafi, kuma in sun haɗu da kyau, man da ke fari tas sai ya ɗauki wani shuɗi-shuɗi mai rauni, kamar hayaƙi daga nesa. Na daɗe ina son in ga wannan shuɗin.

Damuwarsa ita ce polimar. Wani ɗan farin gari ne kamar garin kwaki, wanda malaminsa ya taho da shi daga ƙasar waje shekarun baya. Malamin yana shirin ritaya, babu hanyar samun wani, kuma wa'adin da aka ba mijina ya gama karatun ya kusa cika. Yawancin garin ya tafi a gwaje-gwajen da ba su yi ba. Ana so a ɗumama kwalaben sosai, sannan su huce a hankali, yini da kwana, don ƙwallayen su fito girma ɗaya. Tandar lantarkin ɗakin gwaje-gwajensu za ta iya, amma da an ɗauke wuta sai zafin ya faɗi gaba ɗaya, ƙwallayen su fito manya da ƙanana, awo ya ƙi ba da ma'ana.

Ranar da idonsa ya faɗa kan kulata a saman kabad, na san abin da zai roƙa kafin ya buɗe baki. Ya samo yashin rafi, ya wanke, ya shanya kwanaki, ya soya shi a tukunya a kan risho har ya bushe ƙarau. Ya raba duk sauran garin a cikin ƙananan kwalabe masu tsawon ɗan yatsa. Kowace ya ɗaura mata baƙin zare a wuya don ya iya jawo ta daga yashi mai zafi, ya liƙa mata 'yar takarda mai haruffa da lambobi. Ya gaya mini cewa in hucewar ba ta yi daidai ba, ana iya sake ɗumamawa. Amma in kwalba ta fashe, ko ruwa ya shiga, shi ke nan, abin da ke ciki ba ya dawowa.

Da safiyar wata Alhamis ya zuba yashin da zafinsa a kular, ya binne kwalaben a ciki, ya rufe kular, ya ajiye ta a ƙasa a kusurwar kicin inda ƙafa ba ta bi. Ya tafi tsaron jarrabawa, inda dole ya kashe waya.

Bai daɗe da fita ba aka kira ni. Baba ya buɗe shagonsa na gyaran keken ɗinki a unguwar PZ kamar kullum, ya zauna a kan bencinsa, ya ce wa maƙwabcinsa kansa na juyawa. Kafin a kai shi asibiti ya cika.

Ban san yadda na sa takalmi ba. Na dai tuna na miƙa wa maƙwabciyata makulli. Maman 'yan biyu muke kiranta, 'yar kudu ce mai sayar da kayan miya, mace mai saurin hannu da saurin hawaye. Ta rungume ni ta ce in tafi kawai, za ta dafa shinkafa ta biyo ni da ita. Na ce mata kuloli na nan a kicin, ta ɗauki waɗanda take so.

Kafin azahar gidan Goggo ya cika. An kafa rumfa a ƙofar gida, an jera kujerun roba, maza na zaune suna magana ƙasa-ƙasa. A tsakar gida mata na rera waƙoƙin ta'aziyya, wata ta ɗauka wata ta sauke. An wuce da Baba mutuware kai tsaye daga asibiti, za a jira 'ya'yansu maza su iso daga kudu kafin a sa ranar jana'iza. Goggo tana ɗaki a kan katifar da aka sauke mata ƙasa, ta jingina da bango, ɗankwalinta ya zame. Tun da na shigo ba ta ce uffan ba. Masu gaisuwa na shigowa suna cewa, "Sannu da rashi, Ubangiji ya ta'azantar," ni nake amsa mata. Ina riƙe da ƙafarta, ina kallon hular Baba da ke rataye a ƙusa, ina jin kamar in na daɗe ina kallo zai shigo ya ɗauka.

Kuloli kuwa sai shigowa suke yi daga gidaje, ana jera su a baranda.

Muna nan sai na ji ƙara daga waje. "Jinin Yesu! Jinin Yesu!"

Waƙar ta tsaya cak. Na fito da gudu. Mata sun yi da'ira a baranda, kowa ta ja baya. A tsakiya ga kulata a buɗe, wata mata tsaye a kanta da babban cokalin zuba abinci, cokalin cike da yashi. Daga cikin yashin baƙaƙen zare sun leƙo, tururin zafi na tashi.

Shugabar matan zumunta ta matso. Dattijuwa ce, tsohuwar ungozoma, Mama kowa ke ce mata, kuma ita ta yi mini faɗan aure ranar da za a kai ni. Ta naɗe hannunta da gefen zane ta ja zare ɗaya. Kwalba ta fito tana lilo, da 'yar takardarta.

"Wa ya kawo wannan?"

Maman 'yan biyu ta fito daga bayan mutane, hannu biyu a ka. "Ni ne, Mama. Daga kicin na madam. Na gan shi a ƙasa, da nauyi, da zafi, na ce ta dafa abu kafin ta fita. Wallahi ban buɗe ba. Madam, no vex, I no know!"

Duk idanu suka dawo kaina.

Na ce, "Aikin maigidana ne. Na makaranta ne."

"Wace makaranta ce ake binne kwalba a ƙasa?" in ji wata daga baya.

"Ku dubi zaren. Baƙi."

"Rubutun fa? Wannan ai sunaye ne aka karkatar."

"Mutumin da jiya muka gaisa da shi, lafiyarsa ƙalau."

"Ni dama shirun surukin nan bai taɓa kwanta mini ba. Mutum sai ka ce an aiko shi."

Wata kuma, ba ta ɗaga murya ba amma kowa ya ji, ta ce ai ba a manta ba cewa marigayin ya daɗe yana ƙin auren, yana cewa ba zai ba da 'yarsa ga wanda har yanzu yake ɗaukar jakar makaranta ba. Gaskiya ne ya faɗa. Gaskiya ne kuma daga baya ya sauko, har yakan ajiye wa mijina rake. Amma a wannan lokacin rabin farko kawai aka tuna.

Kafin in yi wani motsi, wata ta karɓi kwalbar daga hannun Mama, ta ɓare salatif ɗin, ta buɗe ta shinshina. "Kananzir ne aka haɗa da wani abu." Ta ɗauko gorar ruwan da aka yi wa addu'a ta tsiyaya a ciki har ya tumbatsa ya zubo ƙasa. Na ji kamar a ƙirjina aka zuba. Wannan ta tafi ke nan.

Mama ta dube ni, kuma babu mugunta a idonta, tausayi ne. "'Yata, ban ce ke ba ce. Wataƙila ke ma ba ki san abin da ake ajiyewa a gidanki ba. Na ga abubuwa a garin nan da ba zan faɗa ba. Abin da za a yi, a kai bayan gida, a zuba man shafewa, a yi addu'a, a farfasa a ƙone. In babu komai a ciki, ba a yi asarar komai ba."

"Mama, akwai komai a ciki. Shekarunsa ne a ciki."

"Kun ji ko?" in ji ta bayan.

Na kira wayar mijina, a kashe. Na sake kira, a kashe. Na ga an aiki wata ta kawo ashana. Sai na tsinci kaina a durƙushe, na mayar da murfin, na kwanta a kan kular na rungume ta da hannu biyu. Na san yadda abin ya kasance a idonsu: ga uban da ya raine ni a mutuware, ga ni ina kuka a kan kwalabe. Amma na kasa sakewa. Ina ganin fuskarsa da asuba, yadda ya durƙusa yana gyara yashin da bayan cokali kamar mai lulluɓe jariri.

"Ku kawo mini nan."

Muryar Goggo ce, daga cikin ɗaki. Ta dushe, amma ta fito sarai. Maganarta ta farko ke nan tun safe.

Na ɗauki kular da kaina na kai gabanta. Mama ta biyo ni, wasu suka cika bakin ƙofa. Goggo ta gyara zama, ta ɗaura ɗankwalinta.

"Ta ɗakinki ce wannan."

"Ita ce, Goggo."

"Buɗe."

Na buɗe. Ta daɗe tana kallon yashin.

"Na ci ne?"

"A'a."

"Na sha ne? Na shafawa?"

"A'a, Goggo."

"To na mene ne? Faɗa mini. Kada ki yi mini turanci."

Sai na fara. Na ce akwai wani gari da idan aka duba can cikinsa zare-zare ne ƙanana, kowanne rabinsa iri ɗaya, rabinsa wani iri. Na ce an jiƙa shi a mai, man yana son rabi yana ƙin rabi. Na ga akwatin kayan aikin Baba a gefen gado, na jawo guntayen zare na ƙulla fari da baƙi kamar yadda aka nuna mini, na tara su a tafin hannunta, fararen a ciki. Na ce haka suke curewa da kansu in sun huce, ba mai taɓa su. Na ce yashin don ya riƙe zafi ne, zaren don kada ya ƙone yatsa, rubutun don ya san wace ce wace. Na ce wuta ce ba ta tsayawa a wurin aikinsu. Na ce wannan ne ƙarshen garin, babu wani, kuma in ya tafi, karatun ya tafi. Na ruɗe a tsakiya, na koma baya, na maimaita. Wata a bakin ƙofa ta yi tsaki.

Goggo ta kama zare ɗaya ta jawo kwalba. Mama ta ce, "Maman yara, kada ki taɓa da hannu." Ba ta kula ba. Ta riƙe ta ta wuyan, ta ɗaga wajen taga.

Man fari ne tas, ana hango ƙarfen tagar ta cikinsa. An yi ruwa da safe, iska mai sanyi na shigowa. Muna kallo, a hankali, sai wani abu ya fara sauyawa. Ba launi sosai ba, kamar dai numfashi a jikin madubi. Sannan ya zama shuɗi, shuɗi mai rauni wanda in ka karkata kai sai ya ɓace, in ka dawo ka same shi. Abin da na daɗe ina jira in gani tare da shi, ga shi na gan shi a ɗakin makoki, a hannun gwauruwa.

"Ga shi nan yana juyawa!" in ji wata. Aka ja da baya, wasu suka fara addu'a da ƙarfi.

Na ce, "Goggo, hucewa ya yi. Shi ne curewar da na faɗa miki."

Ba ta dube ni ba. Ta ci gaba da kallon kwalbar har hannunta ya gaji. Sannan ta tona rami da yatsa a yashin, ta mayar da ita, ta rufe, ta danna murfin kular har ya yi ƙara.

Ta ce, "Ban gane abin da kika faɗa ba. Rabi ma ban gane ba. Shi kuma mijin naki ban gama saninsa ba. Amma ke na san ki. Tun kina fitsarin kwance na san fuskarki in kina ƙarya." Ta nuna gefen matashinta. "Ajiye mini ita nan."

Mama ta ce, "Haba, Maman yara. A kanki?"

"A kaina. In mugun abu ne, ni zai fara ci. Wanda nake tsoron a ɗauke mini an riga an ɗauke."

"Ki bari a kira Fasto tukuna."

"A kira shi, ya zo ya yi mini addu'a, ina bukata. Amma ba mai fasa komai a gidan nan yau. An fasa abin da ya isa."

Na ce a hankali, "Goggo, ko in mayar da ita Samaru?"

Ta harare ni. "Ke har yanzu yarinya ce. In kika fita da ita ta ƙofar nan yau, har ki tsufa ana cewa kin gudu da kayanku. Nan za ta zauna, kowa ya shigo ya gan ta, har a sa Babanku a ƙasa."

Mama ta juya ta ce wa matan, "To me kuke tsaye yi? Baƙi na waje ba su ci ba." Aka watse. Can sai waƙar ta sake tashi, da rauni da farko.

Da la'asar mijina ya iso. Ya koma gida ya tarar babu kula, maƙwabta suka ba shi labari biyu a lokaci ɗaya. Na hango shi ta taga yana ratsa rumfar, rigarsa ta jiƙe da gumi, fuskarsa ta yi fari kamar toka. Hira ta mutu a duk inda ya wuce. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya shigo ya durƙusa a gaban Goggo, wadda shi yake kira Mama. Na ga idonsa ya sauka a kan kular, ya tsaya daƙiƙa, ya ɗauke.

"Mama, sannu da rashi. Allah ya ba mu haƙuri."

"Amin."

Ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan tabarma. Ya daɗe haka.

Goggo ta ce, "Ba za ka tambaya ba?"

"Gaisuwa na zo, Mama."

A duk littattafan da na karanta babu namijin da ya taɓa faɗin abin da ya shige ni kamar wannan.

Ta ce masa kayansa na wurinta, sai bayan jana'iza. Ya ce to. Ni ce na gaya masa a waje, a bayan tankin ruwa, cewa an buɗe ɗaya an zuba ruwa, an kuma fitar da wata ta huce a iska. Ya tambaye ni me aka rubuta a jikin wadda aka buɗe. Na je na tsinto takardar a kwata na kawo masa. Ya duba, ya rufe ido, ya sa ta a aljihu. Ya je ya kama jera kujeru.

Haka ya yi ta zuwa kullum har aka yi jana'izar. Yana ɗaukar buhunan ruwa, yana raka baƙi tasha, yana zama da 'yan'uwana maza suna shirya abin da za a shirya. In ya shiga gaida Goggo ba ya kallon gefen matashin. Na san ba ya barci sosai, na san yana lissafin abin da zai iya faruwa a ɗakin da mutane ke shiga da fita yini guda, yara na rarrafe, ana miƙa kofunan ruwa ta kan kular. Ni ma duk lokacin da aka wuce da ruwa sai in bi shi da ido.

Fasto ya zo, ya ji bayani, ya yi addu'a a kan Goggo, ya kalli kular ya ce shi ma a sakandare kimiyya ce ta kore shi zuwa makarantar Littafi Mai Tsarki. Aka ɗan yi dariya. Da farko masu gaisuwa na zama nesa da kusurwar. Bayan kwana biyu na ga wata ta ɗora jakarta a kai ba ta ma lura ba. Wata tsohuwa ta dafa ta ta miƙe. Mama da kanta, ranar da ƙafa ta dame ta, ta jingina da ita tana shafa man zafi. Ba duka suka sauko ba. Akwai wadda har yau in na kai abinci taron zumunta takan ce ta ƙoshi.

Washegarin jana'iza, bayan an kwashe rumfa, tsakar gida ta yi faɗi da shiru, Goggo ta aika a kira mijina. Mu uku ne a ɗakin, sai Mama da ta zo sallama ta tsaya.

Goggo ta ce, "Buɗe kayanka a gabana."

Ya wanke hannu, ya goge sosai, ya sake gogewa. Ya buɗe. Yashin ya yi sanyi. Ya riƙa jawo zaren ɗaya bayan ɗaya, yana busa yashin da ke jikin kwalba, yana duba salatif ɗin, yana ɗagawa wajen taga. Kowace da shuɗinta, wata mai kauri, wata da ƙyar ake gani.

"Sun yi?" in ji Goggo.

"Ba abin da ya shiga cikinsu, Mama. Zan sake ɗumama su, tunda an buɗe kular a tsakiya. Amma suna nan."

"Wadda aka zuba wa ruwa fa?"

"Ita ce ta fi yawan garin. Zan rubuta cewa babu ita."

"Zai hana ka gamawa?"

"Zai rage wa aikin kyau. Ba zai hana ba."

Mama ta matso ta leƙa ɗaya, ta ce, "Duk wannan tashin hankalin a kan abin da bai kai cokali ba." "Ɗana, ka yi haƙuri da mu." Ya ce babu komai, Mama.

Na tashi zan ɗauki kular, sai Goggo ta dafa murfin.

"Ku nemi kwali ku sa kwalaben. Wannan ku bar mini ita tukuna."

Na ce, "Goggo, yashi ne kawai a ciki."

"Na sani." Ta shafa gefenta. "Ba su bar ni na taɓa Babanku ba. Daga shago sai asibiti, daga asibiti sai wancan wurin mai sanyi. Ranar farko wannan tana da ɗumi. Na ɗora hannuna a kai, ban ɗauke ba har ta huce."

Mijina ya je ya samo kwalin takalmi, ya naɗe kowace kwalba da tsumman ɗinki daga akwatin Baba, ya jera su. Muka yi mata sallama. A hanyar tasha yana tafe a hankali, kwalin a ƙirjinsa, ni ina gefen titi ina tare masa masu acaɓa.